Mikhail Tsvet, Mutumin da Ya Rarrabe Launukan Ganye

Yau ɗan sakandare kan daka ganyen alayyafo, ya ɗiga ruwansa a gindin takardar tace, ya tsoma bakinta cikin sinadarin narkarwa. Kafin a jima koren ya rabu huɗu: ruwan lemo na karotin can sama, rawayar zantofil a bayansa, sai kulorofil iri biyu, mai duhu da mai haske. Launin da ya fi manne wa takarda shi ake bari a baya.

Wanda ya share wannan hanya bai ci moriyarta ba. An haifi Mikhail Tsvet a garin Asti na Italiya a 1872, uba ɗan Rasha, uwa 'yar Italiya. Ya yi karatu a Jeniba, ya kama aiki a Warso, lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha. Shi ba takarda ya dogara da ita ba: garin alli ya cusa cikin bututun gilashi, ya zuba ruwan ganye ta sama, launukan suka jeru hawa-hawa. Ya gabatar da binciken a 1903, ya wallafa shi da Jamusanci a 1906.

Manyan masana sinadarai suka yi biris da shi. Laifinsa, a ganina, bai wuce kasancewarsa masanin tsirrai ba, ya shiga gonar da ba tasa ba. Har Richard Willstätter, wanda ya ci kyautar Nobel a 1915 a kan launukan tsirrai, bai amince da dabarar ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kori Tsvet daga Warso, ya rasu a Voronezh a 1919 yana da shekara 47.

Sai a 1931 Richard Kuhn da Edgar Lederer suka farfaɗo da dabarar Tsvet a Heidelberg. Takarda kuwa ta samu gindin zama a 1944, a cibiyar binciken ulu da ke Leeds a Ingila, inda Consden da Gordon da Martin suka raba sinadaran amino da ita. Ulu ne damuwarsu, ba ganye ba. A 1952 Archer Martin da Richard Synge suka karɓi Nobel a kan irin wannan hanyar rarrabewa.

Malamin da zai sa ɗalibai wannan gwaji, don Allah ya ambaci sunan Tsvet kafin a daka ganyen.