Abin da ke hana kafar hedifon ta laftof fitar da sauti da matakan gyara ta

Kafar hedifon ita ce ƙaramin ramin da ke gefen kwamfutar tafi-da-gidanka, wato laftof, inda ake soka bakin wayar lasifikar kunne. Duk da ƙanƙantarta, ranar da ta yi shiru sai aiki ya tsaya wa ɗalibin da ke bin darasi ta intanet, da ɗan jaridar da ke sauraren hirar da ya naɗa, da ma'aikacin da ke halartar taro daga nesa. Sau da yawa kafar lafiyarta ƙalau, matsalar tana cikin saiti ne ko manhaja. Don haka bin matakai ɗaya bayan ɗaya kan hana asarar kuɗi, da ma asarar bayanai, idan mai gyara ya yi gaggawar goge kwamfutar baki ɗaya.

Yadda kafar take aiki

Faɗin bakin da ake sokawa milimita 3.5 ne. Asalinsa babban soke ne mai milimita 6.35 da ma'aikatan haɗa layin tarho suka yi amfani da shi tun ƙarni na 19, ƙaramin kuma ya bazu a duniya musamman bayan fitowar Walkman na kamfanin Sony a 1979.

A jikin bakin akwai zobba na roba da suka raba ƙarfen gida-gida. Mai zobe biyu yana da gida uku: tsinin na kunnen hagu, na tsakiya na kunnen dama, na gindi kuma shi ne layin da ke kammala zagayen lantarki. Mai zobe uku yana da ƙarin gida na makirufo. A irin wannan akwai tsari biyu, CTIA da OMTP, waɗanda suka saɓa wajen jera makirufo da layin gindin. Mafi yawan na'urorin yau suna bin CTIA, tsofaffin wayoyin Nokia kuwa OMTP suka bi. Idan aka haɗa tsarin da bai dace ba, sauti kan fito siriri kamar daga cikin rijiya, muryar mai magana ta dusashe.

Cikin ramin akwai ɗan makunni da ke motsawa idan baki ya shiga. Shi ne ke sanar da guntun na'urar sauti, wanda a laftof da dama ƙirar kamfanin Realtek ne na Taiwan, cewa a ɗauke sauti daga lasifikar kwamfutar a mayar da shi kunne. Tsarin High Definition Audio da Intel ya fitar a 2004 ne ya daidaita wannan ganewar. Ke nan wurare huɗu ne abin kan lalace: hedifon ɗin kansa, ramin, saiti, ko manhajar da ke tuƙa na'urar sautin, wadda ake kira direba.

Gwajin farko

Ana farawa da rage ƙarar sauti, domin kada ya dawo ba zato ya bugi kunne. Sai a gwada hedifon ɗin a waya ko rediyo. Idan can ma shiru ne, wayarsa ta tsinke daga ciki, galibi kusa da baki inda take yawan lanƙwashewa. Idan ya yi aiki, sai a soka wani hedifon a laftof ɗin, a tabbatar bakin ya shige har ƙarshe.

Abin da ya biyo bayan sokawar manuniya ce. Idan lasifikar kwamfutar ta ci gaba da magana, ba a gane shigar hedifon ba, zargi ya koma kan datti, makunni ko direba. Idan ta yi shiru amma kunne bai samu komai ba, an gane shi, sai a duba saiti. Idan kuwa babu sauti ko'ina, matsalar ta wuce kafar.

Saitin Windows

A Windows 10 da 11, alamar lasifika da ke ƙasan allo ta dama tana nuna na'urar da sauti ke fita ta cikinta. Kwamfutar da aka taɓa haɗawa da talabijin ko majigi ta wayar HDMI, ko da lasifikar Bluetooth, takan ci gaba da tura sauti can. Kashe Bluetooth da cire wayar HDMI kan warware wannan nan take.

Daga nan sai a buɗe Volume mixer, domin kowace manhaja tana da ma'aunin ƙararta, kuma mai yiwuwa an toshe ɗaya kaɗai. Manhajojin taro irin su Zoom suna da nasu zaɓin lasifika daban.

Idan hedifon bai bayyana a jerin ba, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta mmsys.cpl. A shafin Playback, a danna dama a fili, a zaɓi Show Disabled Devices. Idan ya fito a dusashe, a kunna shi da Enable, sannan a mai da shi zaɓin farko da Set Default. Wasu laftof kan fito da tambaya kan irin abin da aka soka, ta manhajar Realtek Audio Console ko Waves MaxxAudio da ke zuwa da kwamfutocin Dell da yawa. Amsar kuskure, ko rufe tambayar, na iya jawo shiru.

Direba da hidimar sauti

Idan sautin ya ɗauke ne bayan sabunta Windows, direba ake fara tuhuma. A Device Manager, ƙarƙashin Sound, video and game controllers, akwai sunan na'urar sautin. A shafinta na Driver, Roll Back Driver yana mayar da tsohon direban da ke aiki. Idan wannan zaɓin a rufe yake, a yi Uninstall device, a sake kunna kwamfutar, Windows za ta ɗora direban da kanta. In hakan bai wadatar ba, a sauko da shi daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, bisa lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta. Shafukan da ke tallar sabunta direbobi kyauta abin gudu ne, domin wasu na ɗauke da manhajoji masu cutarwa.

Haka kuma, ta services.msc ana iya sake tayar da Windows Audio da Windows Audio Endpoint Builder, hidimomi biyu da in ɗayansu ya tsaya babu sautin da zai fita. A wasu kwamfutoci ana iya kashe na'urar sautin daga BIOS, abin da ya kamata mai laftof ɗin hannu ya duba.

A Mac, zaɓin yana cikin System Settings, sashen Sound, ƙarƙashin Output. A Linux, umarnin alsamixer yana nuna layukan sauti. Wanda ke da alamar MM a toshe yake, harafin M ke buɗe shi.

Ƙura da datti

Ramin a buɗe yake kullum, don haka ƙurar hunturu da zaren cikin jaka kan taru su dunƙule a ƙarshensa, su hana baki isa ga makunnin. A kashe kwamfutar, a cire caja, a haska ciki da tocila. Ana fitar da dattin da iskar gwangwani ko busasshen tsinken sakace na itace, a hankali. Allura da duk wani ƙarfe na iya lanƙwasa haƙoran ciki, ruwa kuma na jawo tsatsa. Idan tsinin hedifon ne ya karye a ciki, tura shi da ƙarfi ƙara ɓarna ne. Aikin mai gyara ne.

Lokacin zuwa wurin mai gyara

Alamar lalacewar kafar ita ce sauti ya riƙa zuwa yana ɗaukewa idan an motsa baki, ko kunne ɗaya kaɗai ya yi aiki da kowane hedifon, ko ramin ya riƙa girgiɗi. Yawanci dalmar da ta riƙe shi ce ta tsage, sakamakon fizgar waya ko faɗuwa. Hanyar tabbatarwa ita ce tayar da kwamfutar da Ubuntu daga filashi ba tare da an ɗora shi ba: idan sauti ya fito, kafar lafiya take, idan bai fito ba, zargin lalacewa ya ƙarfafa.

A wasu laftof kafar tana kan ƙaramin allo na daban mai sauƙin sauyawa, a wasu kuma tana manne da babban allon, sai an yi aikin dalma. Kwamfutar da garantinta bai ƙare ba, a mayar da ita inda aka saya kafin kowa ya kwance ta. Kafin a miƙa ta ga kowa, a kwafe muhimman bayanai a ajiye.

Wanda aiki ya matsa wa yana da mafita cikin sauri: ƙaramar na'urar sauti ta USB ko USB-C, wadda ke da nata guntun sautin da nata ramin, don haka ba ta bi ta kafar da ta lalace. Hedifon na Bluetooth ma yana biyan wannan buƙata.

Kiyayewa

A riƙa kama bakin ne yayin cirewa, ba wayar ba, kuma kada a sa laftof cikin jaka da hedifon a soke. Bayan sauti ya dawo, a kula da ƙararsa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce sa'o'i 40 a mako yana sauraren sauti mai ƙarfin desibel 80.