IGWA TA BUƊE, DAKARU SU SHIGA



In kika taso daga nan Daurawa za ki shiga cikin gari, kika bi ta Gyaɗi-Gyaɗi kika miƙe titin Zariya, ba za ki kai gidan Sarki ba sai kin ratsa ta wata ƙofa, ko Ɗan'agundi ko Nassarawa ko Sabuwar Ƙofa. To ki sani duk inda muke zaunen nan, har da Tarauni, a shekarar 1903 bayan ganuwa ne. Wannan tudun ƙasa da kike gani ya zaizaye, awaki na hawa, wasu marasa kishi na ɗibarsa suna buga bulo, shi ne abin da Kanawa suka dogara da shi ranar da Nasara suka zo.

Na sha jin ana cewa ai Kano a wuni ɗaya ta faɗi, wasu ma har da gori suke faɗa, kamar mazajen garin tsorata suka yi. Ni dai ban yarda da wannan magana ba. Abin da ya ci Kano wani tsari ne na yaƙi wanda iyayenmu ba su saba da shi ba, wato a sa igwa ta fara buɗe hanya, sannan dakaru masu tafiya a ƙasa su auka tun kafin mutanen ciki su dawo hayyacinsu. Wannan tsari shi nake so mu ɗan tattauna, domin kuwa bayan shekara goma sha ɗaya shi ne ya lamushe miliyoyin 'ya'yan mutane a duniya, har da namu.

Bari mu fara da ganuwar kanta. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka soma ta, Sarki Muhammadu Rumfa da wasu sarakuna suka faɗaɗa. Gwamna Lugga da ya zo ya gan ta da idonsa ya rubuta cewa kewayenta mil 11 ne, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuwa ƙafa 40. Ta waje an haƙa rami, a wasu wurare har biyu, an bar sarƙaƙiya ta cika shi yadda ko doki ko mutum ba ya ƙetarewa cikin sauƙi. Ta ciki akwai badala inda 'yan baka da 'yan bindiga ke tsayawa suna harbi ta ƙananan kafofi. Ƙofofin ma ba haka kawai aka tsaga su ba, sai da aka lanƙwasa ganuwar ta shige ciki, yadda duk wanda ya tunkaro ƙyaure zai sha kibiya ta dama da hagu. Wallahi wanda ya tsara wannan ba ƙaramin mai basira ba ne.

Dalilin da Turawa suka kafa shi ne wai Sarki Alu ya karɓi Magajin Keffi Ɗan Yamusa hannu bibbiyu, alhali ya kashe musu Kyaftin Maloni a 1902. Ranar 29 ga Janairu 1903 Kanar Molan ya taso daga Zariya da soja 722, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu. Turawan da ke cikin tafiyar ba su cika 40 ba. Sauran duk baƙar fata ne, kuma da yawansu Hausawa ne 'yan'uwanmu. Ita igwar ma kwance ta ake yi gunduwa-gunduwa, 'yan alaro su ɗauka a ka, in an zo wurin faɗa a harhaɗa.

A Bebeji suka fara gwada ta. Harsashin igwa ya tarwatsa ƙofar garin, ya kashe Sarkin Bebeji da mutanen da ke tare da shi a wurin. Ranar 3 ga Fabrairu suka iso Kano. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da mafi yawan barade, ya bar tsaron gari a hannun Sarkin Shanu da Salama, manyan bayin Sarki.

To a nan ne abin lura yake. Da suka tunkari ƙofar farko, wajen Dukawuya, suka yi ta sakin igwa, ganuwa ko gezau, domin harsashin nutsewa yake yi cikin ƙasa kamar kin jefa dutse a kwaɓaɓɓen gari. Ƙyauren kuma yana can lungu, igwa ba ta ganinsa sosai. Da Molan mai gaggawa ne da sai ya ce wa dakaru su auka haka nan, su faɗa ramin sarƙaƙiya a yi ta tsintarsu da kibiya. Sai bai yi haka ba. Ya zagaya ya nemi inda igwarsa za ta kalli ƙofa kai tsaye, ya samu Kabuga. Aka huda, bindiga mai ruwa tana share kan badala don kada kowa ya ɗaga kai, 'yan ƙalilan ɗin dakaru riƙe da gatari da tsani suka kutsa ta wannan kafa. Da na ciki suka ga an shigo sai sahu ya watse, sojan doki suka bi waɗanda suka fita ta wasu ƙofofi. Sarkin Shanu bai gudu ba, ya tsaya har aka kashe shi, Allah Ya jiƙansa. A lissafin Turawan kansu an kashe Kanawa wajen 300, su kuwa mutum 14 kawai aka yi wa rauni.

Kin ga ke nan ganuwa ba ta ci amanar Kano ba, ƙyaure ne ya gaza.

A 1914 Turawa suka kaure da yaƙi tsakaninsu, Ingila da Faransa a gefe guda, Jamus a ɗaya gefen. Yanzu kowa na da igwa, kowa na da mai ruwa, ba kamar a Kano ba da gefe ɗaya ne ke da su. Duk wanda ya miƙe tsaye a fili ya zama gawa. Don haka sai kowa ya nutse cikin ƙasa. Suka haƙa ramuka masu zurfin da ya shanye tsayin mutum, a mimmurɗe kamar tafiyar maciji don kada harsashi guda ya share na ciki duka, tun daga bakin teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan. Gaban rami aka shimfiɗa waya mai ƙaya, wadda ita ce sarƙaƙiyarsu. Cikin waɗannan ramuka maza suka yi shekara huɗu, ga taɓo, ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata, ga sanyi.

To yaya za a yi a ci ramin abokin gaba? Manyan hafsoshi, waɗanda ke zaune can baya da taswira a kan tebur, suka ce abin mai sauƙi ne, a yi irin na Kabuga amma a ninka. A bakin kogin Som a Faransa, a 1916, Ingilishi suka yi kwana bakwai suna ruwan igwa a kan ramukan Jamus, harsashi fiye da miliyan ɗaya da rabi. Aka gaya wa soja cewa ko ɓera ba zai saura a can ba, tafiya kawai za su yi su karɓi wurin. Ashe Jamusawa sun haƙa ɗakuna can ƙarƙashin ƙasa sun lafe, waya mai ƙaya kuma a wurare da yawa ba ta tsinke ba, harsasai da dama ma ba su fashe ba. Ranar 1 ga Yuli da ƙarfe 7:30 na safe igwa ta ɗauke daga ramin gaba, aka busa usur, samari suka fito da kaya niƙi-niƙi a baya. Kafin su ƙetare filin, Jamusawa sun hauro sun kafa masu ruwansu. A wannan rana ɗaya tak Ingila ta yi asarar mutum 57,470 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, 19,240 daga cikinsu matattu ne. Innalillahi. Kowane ɗaya fa akwai uwar da ta yi naƙudarsa.

Matsalar duk tana cikin 'yan mintocin nan da ke tsakanin ɗaukewar igwa da isowar dakaru. Ke da kika taɓa lugude kin fi kowa gane wannan. In ku biyu kuna daka a turmi ɗaya, taɓaryarki na tashi ta 'yar'uwarki na sauka. In ta yi jinkiri daka ya mutu, in ta yi gaggawa taɓare su gwaru, wata ta ji ciwo. Haka igwa da dakaru suke. Daga baya sai suka koyi sa wutar igwa ta riƙa rarrafawa a gaban soja, tana matsawa kamar yadi 100 duk bayan 'yan mintoci, su kuma suna biye da ita dab da dab. In suka matsa da yawa igwarsu ta kashe su, in suka yi nawa abokan gaba su farfaɗo. Ga shi babu wayar hannu, wayar tarho da aka ja a ƙasa harsashi ya tsinka ta, sai dai a aiki mai gudu ko a saki tantabara da takarda a ƙafa. Saboda haka kowa da agogo yake aiki, mai igwa ba ya ganin wanda yake karewa.

Amma ba sai mun je Faransa ba. Mu dawo baya kaɗan, nan maƙwabta, ƙasar Kamaru, wadda a lokacin tana hannun Jamus. A garin Garwa, bakin kogin Binuwai gaba da Yola, Jamusawa sun kafa sansanoni a kan tuddai. A watan Agusta 1914 aka tura sojan Nijeriya ƙarƙashin Kanar Makliya su ƙwace wurin, cikinsu har da sojan doki waɗanda barikinsu ke nan Kano. Igwar da ke hannunsa ƙanana ce, sai ya yanke shawarar a auka da dare da banati. Daren 29 ga wata suka auka, har suka ci sansani guda. Gari na wayewa Jamusawa suka juyo musu da masu ruwa, ga su a fili babu abin fakewa, babu igwar da za ta rufe bakin bindigogin. Aka kashe Makliya da wasu hafsoshinsa da soja masu yawa, sauran suka koma Yola a wargaje. Abin da Molan ya ƙi yi a Dukawuya shi Makliya ya yi a Garwa, kuma 'ya'yan talakawa ne suka biya.

Jamusawa suka ƙara gyara wurin. Suka ƙara ramuka da waya mai ƙaya, suka haƙa rijiyoyin tarko suka kakkafa masu a ciki tsini na kallon sama, suka rufe baki.

Da aka sake dawowa a 1915, ƙarƙashin Kanar Kanlif tare da sojan Faransa, sai aka bi abin a sannu. Aka ciro wata babbar igwa daga jirgin ruwan yaƙi aka hauro da ita ta Kwara da Binuwai, Faransawa ma suka kawo tasu. Ranar 31 ga Mayu aka fara ruwan wuta. Da rana igwa na aiki, da dare kuma sojanmu su ajiye bindiga su ɗauki diga da shebur, su haƙa sabon rami gaba da na jiya, kafin asuba sun shige ciki. Kullum gari ya waye sai Jamusawa su ga rami ya ƙara matso su. Ni wannan wurin ne ya fi tsaya mini a rai, domin mutanen nan yawancinsu manoma ne da suka baro gona, ga shi kuma damina ta kama, lokacin da ya kamata a ce suna shuka a gida, sai ga su suna huɗa a ƙasar wasu cikin duhu, ba su san ko ramin da suke haƙawa shi ne kabarinsu ba. Matansu kuwa suna can bariki ko ƙauye, ba wasiƙa ba labari.

Kwana goma aka yi a haka. Sojan baƙar fata da ke ɓangaren Jamus suka kasa jure igwar, suka yi bore, wasu suka faɗa Binuwai don su tsere, kogi ya kawo ruwa ya cinye da dama. Ranar 10 ga Yuni Jamusawa suka ɗaga farar tuta, Turawa 37 da soja 212 suka miƙa wuya. Ba a ma kai ga aukawar ƙarshe ba. Inda igwa ba ta iya yin aikinta kuwa, kamar kan dutsen Mora can arewa, an yi ta hawa ana korowa, har sai da kwamandan wurin Fon Raben ya ji sauran Kamaru duk ta faɗi, sannan ya sauko a Fabrairu 1916.

Cikin waɗanda aka kama a Garwa akwai wani saurayi ɗan Barno mai suna Chari Maigumeri, sojan Jamus ne a lokacin. Daga baya ya sa kakin waɗanda suka kama shi, ya yi musu yaƙi a gabashin Afirka, ya kai muƙamin samanja, a yaƙin duniya na biyu har Bama ya je. Sunansa aka sa wa barikin soja na Lakwaja. A wannan garin na Lakwaja ne kuma Sarki Alu, wanda Turawa suka kama suka tsare bayan faɗuwar Kano, ya rasu a 1926, bai sake ganin ganuwar garinsa ba.