Ƙolo Ba Gardi Ba Ne

Haƙar kuza ce ta kawo yawancin kakanninmu Jos, musamman bayan jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914. A makarantunsu na allo, ƙolo babbaƙu kaɗan yake biyawa a sallame shi, kuma in sanyin dutse ya sauko akan zaunar da shi kusa da wuta.

Bayan kafa Izala nan Jos a 1978, Islamiyyu suka yawaita, aka shiga aji da benci. Kasuwar kuza ta faɗi a 1985, amma kududdufanta suna nan, sun ci yara.

To jama'a, kafin mu kai ɗan shekara huɗu makaranta, mu duba: akwai katanga? Rijiya a rufe take? Ana barinsa ya yi wasa? Amana ce, Allah zai tambaye mu.