Baƙo Biyu, Birni Biyu: Daga Tasawa Zuwa Landan

Wani lokaci idon baƙo ya fi na ɗan gari kaifi. A tsakiyar ƙarni na 19, baƙi biyu sun taka titunan birane biyu masu nisa da juna, kowane ya bar labarin abin da ya gani. Ɗaya ya shahara a duniya, ɗaya kuwa ko a ƙasar haihuwarsa ba kowa ya san sunansa ba.

Na farko shi ne Heinrich Barth, Bajamushen da Hausawa suka sani da Abdulkarim. A watan Janairu na 1851, bayan ya ƙetaro hamada ta Abzin da Damargu, ya sauka a Tasawa tare da abokin tafiyarsa Adolf Overweg. Ita ce babbar alƙarya ta farko da ya gani a ƙasar Hausa. Ya zaga unguwanninta, ya leƙa kasuwa da marina, ya lura da gidaje masu danga da inuwar itatuwa, kuma ya nuna cewa walwalar mutanen garin ta burge shi. Daga nan ya nufi Gazawa da Katsina da Kano, shi kuwa Overweg ya yi yamma zuwa Maraɗi da Gobir. Duk wannan yana cikin littafin tafiyarsa mai juzu'i biyar, wanda ya fito tsakanin 1857 da 1858.

Na biyu yaro ne mai suna Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance, gabas da Tasawa. An kama shi bawa yana ƙarami, aka kai shi Borno, inda Overweg ya fanshe shi ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852 a bakin tafkin Cadi, sai Dorugu da wani yaro Bamargi mai suna Abbega suka koma hidimar Barth. Da ya gama yawonsa ya tafi da su Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa zuwa Marseille, suka ratsa Faris, suka isa Landan a watan Satumba na 1855.

Birnin da yaron ya taka a lokacin ya fi kowane birni na duniya yawan jama'a, domin mazaunansa sun haura miliyan 2. Mai tafiya a ƙasa zai gamu da kekunan doki suna tsere a kan titunan dutse, da fitilun gas, da hayaƙin gawayi ya rufe sama, da kogin Thames cike da jiragen ruwa. Hasumiyar agogon majalisa ma ba a gama gina ta ba sai 1859. Yaron da ya riga ya ga Kukawa da Tumbutu bai shiga wannan hayaniya a matsayin baƙauye ba. Ya shige ta yana da abin da zai gwada ta da shi.

Wani limamin mishan, James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa, ya ɗauki yaran biyu zuwa gidansa a yankin Kent. A can Dorugu ya riƙa faɗi, Schön yana rubutawa. Labarin ya fito a 1885 cikin littafin Magana Hausa. A ciki ana ganin yadda ya zuba wa Turawa ido kamar yadda Barth ya zuba wa mutanen Tasawa: suturarsu, da tsarin zamansu a teburin cin abinci, da ladubban da ke tsakanin mazansu da matansu. Ya bayyana su a natse, cikin Hausar yankinsa. Gaskiya ne maganar ta bi ta kunne da alƙalamin Bature, to amma idon na Dorugu ne. Daga bakinsa kuma Schön ya samu kaso mai yawa na abin da ya gina nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876.

Dorugu ya komo Afirka a 1864. Ƙarshen rayuwarsa ya koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912.

A nan ne aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu na Tasawa da Mayahi yake. Ɗalibin da ake koya wa sunayen Turawan da suka zo ganin Afirka, ba a faɗa masa cewa wani ɗan maƙwabtansa ya je ya ga Turai ya ba da labarinta da harshen uwa ba, an ba shi rabin tarihi ne kawai. In aka ajiye shafin Barth a kan Tasawa kusa da shafin Dorugu a kan Ingila, aka karanta su a aji ɗaya, yaro zai gane cewa kakanninsa ba abin kallo kaɗai ba ne, su ma sun yi kallo, sun auna, sun yanke hukunci.