Maguzawa a Tarihin Ilimin Nazarin Al'adu

Maguzawa Hausawa ne da suka ci gaba da riƙe addinin gargajiya bayan Musulunci ya kafu a birane. Akasarinsu manoma ne masu zama a manyan gidajen gandu nesa da gari, a karkarar Kano da arewacin Zariya da kudancin Katsina, daga Malumfashi da Kafur har zuwa Ƙanƙara da Faskari. A zamanin Daular Sakkwato an bar su da addininsu bisa sharaɗin biyan jiziya. Tun shigowar Turawa masu nazarin al'adun ɗan Adam suke kai da komo a kansu, kuma abin da aka rubuta game da su yana nuna yadda shi kansa wannan fannin ilimi ya yi ta sauya ra'ayi.

Fannin ya tashi ne a Turai da Amurka a ƙarni na 19. Edward Tylor na Ingila, a littafinsa Primitive Culture na 1871, da Lewis Henry Morgan na Amurka, a 1877, sun ɗauka cewa dukan al'ummu hawa ɗaya suke yi daga dabbanci zuwa wayewa, Bature yana can ƙoli, saura suna biye. Da wannan tunani jami'an mulkin mallaka na farko suka dubi Arewa. Manjo A. J. N. Tremearne, soja ne haifaffen Ostareliya da ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa. Sunan da ya ba littafinsa na 1912, The Tailed Head-Hunters of Nigeria, ya isa shaida kan idon da yake kallon mutane da shi. Amma ya yi ƙoƙarin tattarawa: Hausa Superstitions and Customs ya fito a 1913, The Ban of the Bori a 1914. Abin dariya a nan shi ne, gwamnatin da yake wa aiki ta hana bori, don haka yawancin bayanan littafin nan na bori wajen Hausawan Tunis da Tarabulus ya samo su. An kashe shi a fagen daga a Faransa a 1915. Bayansa C. K. Meek ya wallafa The Northern Tribes of Nigeria a 1925, daga bayanan ƙidayar 1921, aikin da ya fi amfanar Razdan da Di'o wajen mulki.

Wanda ya rushe wancan tsarin hawa-hawa shi ne Franz Boas, Bajamushe da aka haifa a 1858, ya zauna da mutanen Inuwit a tsibirin Bafin a 1883 zuwa 1884, daga baya ya koyar a Jami'ar Kolambiya ta Amurka. Koyarwarsa ita ce kowace al'umma tana da tarihinta, kuma kowace al'ada da mudunta za a auna ta. Mai bincike ya koyi harshen mutane, ya zauna cikinsu, ya fahimci dalilin abin da suke yi kafin ya buɗe baki. Ɗalibinsa Melville Herskovits ne ya fi kowa tallata wannan ra'ayi, shi ne kuma ya kafa sashen nazarin Afirka a Jami'ar Northwestern a 1948.

Ta hannun ɗalibin Herskovits ra'ayin ya iso ƙasar Hausa. Joseph Greenberg yana ɗan shekara 23 ya zo Kano a 1938, ya koyi Hausa, ya zauna da Maguzawan karkara har cikin 1939. Sakamakon ya fito a 1946 da sunan The Influence of Islam on a Sudanese Religion. Na baya sun ɗauki Bamaguje tamkar ragowar zamanin da can da babu abin da ya taɓa shi. Greenberg ya tarar ba haka abin yake ba. Bamaguje ya yarda da Allah a matsayin mahalicci, sai dai hulɗarsa ta yau da kullum da iskoki take, yana yi musu yanka, kowane iska da launin dabbar da yake karɓa. Su iskokin kuma an riga an daidaita su da aljanu, an raba su farare da baƙaƙe, farare na gari ne kuma Musulmi, baƙaƙe na daji. Cikinsu akwai Kure da Inna da Sarkin Rafi da Ɗan Galadima, akwai kuma Malam Alhaji, wanda idan ya hau dokinsa a wasan bori sai a ga mutum ya koma tsoho tukuf cikin fararen kaya, yana tari, yana jan carbi. Ke nan addinin da ake cewa bai san Musulunci ba, har malami yake da shi cikin iskokinsa. Greenberg ɗin nan ne daga baya ya sanya Hausa cikin dangin harsunan Cadi, ya yi watsi da ƙagen da ke cewa duk wata wayewa a Afirka wasu fararen baƙi ne suka kawo ta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu bincike ya koma kan Hausawa Musulmi. M. G. Smith, ɗan Jamaika, ya yi aiki a lardin Zariya a 1949 da 1950. A lokacin ne matarsa Mary ta zauna da wata dattijuwa mai suna Baba a Giwa, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta: aure da saki da kishiya da ƙawance da harin masu kama bayi. Littafin Baba of Karo ya fito a 1954, kuma a ganina shi ne mafi albarkar abin da wannan zamani ya bari, don Bahaushiya ce ke magana, ba wani ke yi mata ba. Polly Hill ta yi nata binciken a Batagarawa kusa da birnin Katsina, ta wallafa a 1972.

Kudancin Katsina kuwa Murray Last ya daɗe a cikinta. Bayan littafinsa The Sokoto Caliphate na 1967, ya yi bincike a yankin Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, daga 1969 zuwa 1972, har ya tare a wani gidan Maguzawa, yana nazarin cuta da magani. A wata maƙala ta 1981 ya ce maganin gargajiya a wurin ba tsari ɗaya ba ne mai ƙa'idoji da kowa ya sani. Mara lafiya zai je asibiti, ya sha rubutu, ya karɓi saiwa wajen boka, bai damu da sanin yadda kowanne ke aiki ba. Wannan gargaɗi ne ga mai binciken da ke ƙera wa mutane tsararriyar aƙida wadda su ba su san da ita ba.

Ra'ayin Boas bai tsira daga suka ba. A 1947 Herskovits ya rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya takarda, da sunan ƙungiyar masu nazarin al'adun ɗan Adam ta Amurka, yana jan kunne kada a ɗora wa duniya ma'aunin Turai a dokar haƙƙin ɗan Adam. Tambayar da wannan ya tayar ita ce: to cinikin bayi fa, shi ma al'ada ce da za a ƙyale? Amsar da yawancin masana suka tsaya a kai ita ce, fahimtar abu daban, halatta shi daban. Daga gida kuma, Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, marubucin The Transformation of Katsina na 1981, ya soki M. G. Smith kan raba tarihin ƙasar zuwa Haɓe da Fulani kamar ƙabila ce ke tuƙa komai, alhali sana'a da ƙaura da mallakar ƙasa sun fi bayyana yadda garuruwa suka kafu.

Daga shekarun 1970 zuwa yau Maguzawa da yawa sun musulunta, wasu sun shiga Kiristanci, manyan gidajen gandu kuma suna ta raguwa. Hare-haren 'yan bindiga a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun tashi ƙauyuka da dama, irin zaman shekara uku da Last ya yi ya zama abu mai wuya. Dattawan da suka ga yankan gandu da idonsu sun kusa ƙarewa, don haka ɗaliban jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma su hanzarta naɗar maganarsu da Hausa.