Ƙwannafi da sauran illolin magungunan sitiroyid: Abin da ya kamata masu doguwar jinya su sani

Magungunan sitiroyid, irin su prednisolone da dexamethasone da hydrocortisone, suna cikin waɗanda likitoci suka fi rubuta wa masu fama da cututtukan da ke daɗewa a jiki, kamar asma mai tsanani, amosanin gaɓɓai, wasu nau'o'in ciwon ƙoda da na fata, da kuma waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Suna kashe kumburi cikin hanzari, amma shan su na tsawon lokaci yana zuwa da matsaloli, kuma ƙwannafi na daga cikin waɗanda majinyata suka fi kokawa da su. Galibin matsalolin ana iya shawo kansu ba tare da an bar maganin ba. Babban haɗarin yana tattare da abubuwa biyu da mutane kan yi da kansu: daina shan maganin farat ɗaya, da haɗa shi da magungunan kashe raɗaɗi.

Yadda maganin ke aiki

A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙaramin kulli da ke samar da sinadarin kotisol, wanda ke taimakawa wajen daidaita sukarin jini da hawan jini da garkuwar jiki. Magungunan sitiroyid kwaikwayon wannan sinadari ne. An fara gwada irinsu a kan mai amosanin gaɓɓai a asibitin Mayo da ke Amurka a shekarar 1948, kuma a 1950 aikin ya kai ga samun kyautar Nobel a fannin likitanci. Ƙarfinsu ya bambanta: dexamethasone ya ninka prednisolone ƙarfi kusan sau bakwai, don haka ba a musanya ɗaya da ɗaya ba tare da umarnin likita ba.

Dalilin ƙwannafi

Ƙwannafi shi ne zafin da ake ji a ƙirji idan ruwan tsamin ciki ya tunkuɗo zuwa bututun abinci. Sitiroyid yana rage kariyar da bangon ciki ke yi wa kansa daga wannan tsami, sannan yana buɗe ciki, mutum ya riƙa cin abinci fiye da yadda ya saba. Ƙibar da ke biyo baya tana matse ciki, ta ƙara tunkuɗo ruwan.

Sitiroyid shi kaɗai bai cika haddasa gyambon ciki ba. Haɗarin yana ƙaruwa sosai ne idan aka gama shi da ibuprofen, diclofenac, piroxicam ko asfirin, waɗanda ake sayarwa a kusan kowane kemis, har ma a cikin haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙulla wa mutane a leda ba suna. Ga mai shan sitiroyid, farasitamol ya fi aminci. Wanda kuma likita ya rubuta masa asfirin saboda zuciya, kada ya daina, sai dai ya sanar da likitan cewa yana shan duka biyun.

Hanyoyin rage zafin

Ana shan maganin da safe, tare da karin kumallo ko bayansa nan take, da cikakken kofin ruwa, sai fa idan likita ya tsara wani lokaci daban. Shan sa da safe ya dace da lokacin da jiki ya saba fitar da nasa kotisol, kuma yana rage hana barci.

Cin abinci kaɗan-kaɗan ya fi cika ciki a zama ɗaya. A bar tazarar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya. Soye-soye, abinci mai maiƙo, yaji, lemon kwalba, kofi da goro suna tayar da ƙwannafi ga mutane da yawa, amma kowa ya lura da abin da ke tayar masa da nasa. Taba da barasa suna tsananta shi. Ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da santimita 10 zuwa 20, da kwanciya a gefen hagu, suna taimakawa da dare.

Idan hakan bai wadatar ba, likita kan ƙara omeprazole ko makamancinsa, wanda ake sha kamar minti 30 kafin karin kumallo. Magungunan tsotsa ko na ruwa masu kashe tsami suna ba da sauƙi na ɗan lokaci, amma a bar tazarar awa biyu tsakaninsu da sitiroyid. Jiƙa kanwa a sha, kamar yadda aka saba a gidaje da yawa, ba shi da kyau ga mai shan wannan magani, domin kanwa tana ɗauke da sinadarin sodiyam irin na gishiri, wanda ke ƙara kumburi da hawan jini.

Mai son yin azumi ya tuntuɓi likitansa kafin watan ya kama. Sau da yawa ana iya mayar da shan maganin zuwa lokacin sahur, amma akwai majinyatan da azumi ke iya cutar da su.

Sauran illoli

Sitiroyid yana ɗaga sukarin jini, ko da ga wanda ba shi da ciwon suga a da. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari alamu ne da ke bukatar gwaji. Yana kuma sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, don haka a rage gishiri da dunƙule a miya, a kuma riƙa auna hawan jini. Cikar fuska da tumbi kan sauka sannu a hankali bayan an rage maganin.

Shan sa sama da wata uku yana rage ƙwarin ƙashi. Nono, kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, da tafiya a ƙafa kullum suna taimakawa, kuma likita na iya ƙara ƙwayar kalsiyam da bitamin D. Ana so a duba ido a kai a kai saboda yanar ido da hawan jinin ido.

Maganin yana raunana garkuwar jiki. Tsohon tarin fuka na iya farfaɗowa, ƙarambau da ƙyanda kuma kan yi tsanani, saboda haka a guji kusantar masu su. Kafin a karɓi rigakafin zazzaɓin shawara, a sanar da ma'aikacin lafiya. Masu shaƙar sitiroyid don asma su kurkure baki bayan kowace shaƙa. Saurin fushi, damuwa ko rashin barci ma na iya zama aikin maganin, kuma ya kamata iyali su san da haka.

Kada a daina farat ɗaya

Idan mutum ya sha sitiroyid sama da mako uku, jikinsa kan rage samar da nasa kotisol. Yanke maganin nan take na iya jawo kasala mai tsanani, jiri, amai, faɗuwar hawan jini, suma, har ma da rasa rai. Likita ne ke tsara yadda za a rage shi mataki-mataki. Wannan gargaɗi ya shafi masu shan dexamethasone don neman ƙiba, a cikin ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe", da waɗanda suka daɗe suna shafa mayukan bilicin masu sitiroyid. Su ma asibiti ya kamata su je a yaye su daga maganin.

Yana da kyau majinyaci ya riƙa yawo da takarda mai ɗauke da sunan maganin da adadin da yake sha, ya nuna ta kafin tiyata ko cire haƙori, kuma ya sayi wani kafin na hannunsa ya ƙare.

Lokacin garzayawa asibiti

A je asibiti ba tare da jinkiri ba idan bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko an yi aman jini, ko ciwon ciki ya tsananta, ko haɗiya ta yi wuya. Haka nan idan zazzaɓi ya kama, ko amai ya hana maganin zama a ciki. Sitiroyid yana ɓoye alamun cuta, ta yadda babbar matsala kan zo da ɗan ƙaramin ciwo. Zafin ƙirji da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi da sarƙewar numfashi, yana iya zama ciwon zuciya, kuma bai kamata a ɗauke shi a matsayin ƙwannafi ba.