Iskar NO da lafiyar zuciya: yadda take buɗe jijiyoyin jini da abin da ke rage ta

A asibitocin birnin Lome, idan ma'aikaciyar jinya ta ɗaura wa mutum awo a dantse ta ce masa 14/9 ko 16/10, ƙarfin da jini ke bugun bangon jijiyoyinsa take faɗa. Lissafin ƙasashe masu amfani da Faransanci ke nan, a Gana da Najeriya kuwa 140/90 ko 160/100 za a rubuta. Duk wanda aka auna a ranaku daban-daban aka samu 14/9 ko sama da haka, yana da hawan jini, ciwon da ake kira tansiyo a Zongo. Binciken STEPS da Togo ta gudanar tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna kusan babba 1 cikin 5 na da wannan ciwo a 2010, zuwa 2021 kuma adadin ya haura 1 cikin 4.

Cikin abubuwan da ke sa wannan lamba ta hau ko ta sauka akwai wata iska da jiki ke haɗawa da kansa. Sunanta naitirik oksaid, da Faransanci monoxyde d'azote, a taƙaice kuma NO.

Mece ce NO?

Iska ce marar launi, haɗin ƙwayar naitirojin ɗaya da ta oksijin ɗaya. Daban take da iskar NO2 da ke cikin hayaƙin manyan motoci mai cutar da huhu, daban kuma da protoxyde d'azote da ake sa barci da ita a ɗakin tiyata.

Kowace jijiyar jini tana da wata siririyar shimfiɗa daga ciki, kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, likitoci na kiran ta endoteliyom. Ita ke haɗa NO daga sinadarin arjinin, ɗaya daga cikin tubalan furotin. Da zarar an haɗa ta sai ta ratsa zuwa tsokar da ta naɗe jijiyar, ta sa a samar da wani sinadari mai suna cGMP, tsokar ta saki, jijiyar ta buɗe. Cikin 'yan daƙiƙoƙi iskar ta ƙare, don haka dole jijiya ta yi ta haɗa sabuwa dare da rana.

Ɗan buɗewar nan ba ƙaramin abu ba ne. A ƙa'idar gudanar ruwa, idan faɗin bututu ya ninka biyu, ruwan da zai wuce ta cikinsa na iya kaiwa ninki 16. Saboda haka ko kaɗan jijiya ta tsuke, sai zuciya ta ƙara ƙarfi kafin ta tura jini, awon kuma ya hau. Ban da buɗe hanya, NO na hana ƙwayoyin da ke daskarar da jini manne wa juna, tana hana fararen ƙwayoyin jini liƙewa a bangon jijiya, tana kuma rage kaurin bangon. Waɗannan ukun su ne mafarin toshewar jijiya, wadda ke kai ga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Daga nakiya zuwa kyautar Nobel

An daɗe ana cin moriyar NO kafin a san da ita. A 1847 wani masanin sinadarai ɗan Italiya, Ascanio Sobrero, ya haɗa naitirogilisarin, ruwan da Alfred Nobel ya yi nakiyar fasa duwatsu da shi a 1867. A 1879 likita William Murrell na Landan ya wallafa cewa ɗigon wannan ruwa na kwantar da ciwon ƙirjin masu ciwon zuciya. Shi ne maganin da ake sayarwa a kantunan magani na Lome da Kwatano da Yamai da sunan trinitrine. Nobel da kansa likita ya rubuta masa shi a ƙarshen rayuwarsa, ya ƙi sha.

Sai a 1977 Ferid Murad ya nuna cewa maganin na aiki ne ta hanyar sakin NO. A 1980 Robert Furchgott, a birnin New York, ya gano cewa jijiyar zomo ba ta saki idan an kankare shimfiɗarta ta ciki, alamar cewa shimfiɗar na aika wani saƙo ga tsoka. A 1986 shi da Louis Ignarro, kowa ta hanyarsa, suka ce saƙon NO ne, a 1987 kuma Salvador Moncada da abokan aikinsa a Ingila suka tabbatar da haka. Mujallar Science ta zaɓe ta sinadarin shekara a 1992, sannan a 1998 aka ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel ta fannin likitanci.

Abin da ke rage ta

Tsufa na rage yawan NO da jijiya ke haɗawa, wannan ba makawa. Sauran abubuwan akasari suna cikin rayuwar yau da kullum: taba sigari da shisha, ciwon suga, ƙiba, yawan kitse a jini, yawan gishiri, rashin motsa jiki da gurɓatacciyar iska. Hawan jini kansa yana lalata shimfiɗar jijiya, lalacewar kuma ta ƙara hawan jinin.

Tun da hukuma ta tashi tsohon Zongo daga tsakiyar Lome a 1977 ta mai da shi Agoè, kimanin kilomita 15 arewa da gari, unguwar ta zauna a bakin babbar hanya mai lamba 1 da manyan motoci ke bi zuwa Burkina Faso da Nijar da Mali. Masu shago a bakin titi, 'yan zemijan, direbobi da masu gasa tsire a kan gawayi suna wuni cikin hayaƙi, da yawansu kuma a zaune.

Batun gishiri ma yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma lissafin ya haɗa da gishirin da ke cikin dunƙulen ɗanɗano, yajin tsire, kilishi da kifi mai gishiri. Kanwa ma sodiyom ce. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi.

Sikila da maleriya

Jan sinadarin jini, himogulobin, yana haɗiye NO da gaggawa. Muddin yana kulle cikin jajayen ƙwayoyin jini, ɓarnar kaɗan ce. A jikin mai sikila kuwa, ciwon da ake kira drépanocytose da Faransanci, ƙwayoyin na fashewa da wuri, sinadarin ya zube cikin jini ya cinye iskar. Masana na danganta wannan da hawan jinin jijiyoyin huhu, gyambon ƙafa da ba ya jin magani, da miƙewar gaba mai zafi da ke daɗewa, wadda idan ta kai awa 4 sai an garzaya asibiti. Haka ma bincike kan yara a Dar es Salaam ta Tanzaniya a 1996 ya samu ƙarancin NO a masu maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa.

Abin da ke ƙara ta

Na farko motsa jiki. Gudun jini a kan shimfiɗar jijiya shi ke zaburar da ita ta haɗa NO, kuma wanda ya lizimci tafiya jijiyarsa na ƙara ƙwarewa a aikin. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce aƙalla minti 150 a mako, misali tafiyar sauri ta minti 30 sau 5.

Na biyu ganyaye. Alayyafo, wanda ake kira fotètè a kasuwannin Lome, da salak da jan tushen nan betterave suna ɗauke da sinadarin naitiret mai yawa. Bayan an ci, jiki na dawo da wani kaso cikin miyau, ƙwayoyin bakteriya da ke kan harshe su juya shi zuwa naitirait, daga nan ya zama NO a ciki da cikin jini. Shi ya sa yawan kurkure baki da magani mai kashe ƙwayoyin cuta irin chlorhexidine ke katse wannan hanya. A wani gwaji da jami'ar Queen Mary ta Landan ta wallafa a 2015, masu hawan jini da suka sha mililita 250 na ruwan betterave kullum tsawon mako 4, lambarsu ta sama ta sauka da kusan 8 a ma'aunin 140/90, wato ƙasa kaɗan da maki ɗaya a ma'aunin 14/9. Taimako ne, amma bai isa ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta ba.

Gyaɗa da riɗi da agushi suna da arjinin, kankana kuma tana da sitirulin, wanda jiki ke juyawa zuwa arjinin. Cin su a abinci ba laifi. Ƙwayoyin arjinin da ake tallatawa a intanet kuwa wani zance ne: a 2006 an wallafa wani gwaji na jami'ar Johns Hopkins ta Amurka kan waɗanda suka yi bugun zuciya, wanda aka dakatar bayan mutum 6 cikin masu shan arjinin sun rasu, babu ko ɗaya a ɗaya rukunin.

Magunguna da haɗarin da ke tattare da su

Trinitrine da isosorbide suna sakin NO cikin jiki. Mai ciwon ƙirji yakan sa na farkon a ƙarƙashin harshe yana zaune, domin yana iya kawo jiri da ciwon kai. Idan zafin bai lafa ba bayan minti 5, sai asibiti ba tare da jinkiri ba. A 2004 wani gwaji kan baƙaƙen fata 1,050 masu raunin zuciya a Amurka ya nuna ƙara haɗin isosorbide da hydralazine a kan maganinsu ya rage mace-mace da kashi 43 cikin ɗari. Tun 1999 kuma Amurka ta amince a shaƙa wa jarirai masu hawan jinin huhu iskar NO kai tsaye.

Babban haɗarin yana wajen maganin ƙarfin maza. Sildenafil, wato Viagra da ya shigo kasuwa a 1998, da ɗan'uwansa tadalafil, suna hana jiki rushe cGMP, saƙon NO ya daɗe yana aiki. Idan suka haɗu da trinitrine ko isosorbide, jini na iya faɗuwa warwas har mutum ya suma ko ya rasa ransa. Ƙa'idar likitoci ita ce ba a ba da trinitrine sai bayan awa 24 da shan sildenafil, awa 48 kuma ga tadalafil. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sildenafil a ɓoye cikin zuma, shayi, kofi da tsimin da ake sayarwa da sunan na gargajiya, ba tare da an rubuta a jikin kwalbar ba. Don haka wanda aka kai asibiti da ciwon ƙirji, ya wajaba ya gaya wa likita duk abin da ya sha a kwanaki biyun da suka wuce, ko da nauyin faɗa. Mai ɓoye ciwonsa shi ke ɓoye maganinsa, a nan kuwa ɓoyewar na iya sa maganin ya zama ajali.

Raunin mazakuta kansa yakan zama alamar farko ta lalacewar jijiyoyi, domin jijiyoyin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, su ke fara nuna matsala, wani lokaci shekaru kafin ciwon ƙirji ya bayyana. Magidancin da ya ga haka, awon jini da na suga ya fi masa amfani a kan kwalbar bakin tasha.

Babu wani gwajin NO da ake yi a asibiti don duba lafiyar zuciya. Abin da ake aunawa shi ne hawan jini, suga, kitsen jini da aikin ƙoda, kuma su ke nuna halin da jijiyoyi ke ciki. Ana auna hawan jini a ƙananan asibitocin unguwa da kantunan magani da yawa, masu matsalar zuciya kuma akan tura su sashen zuciya na CHU Sylvanus Olympio da ke Tokoin ko CHU Campus. Hawan jini yakan yi shekaru bai nuna wata alama ba, shi ya sa likitoci ke ba duk babba shawarar ya auna aƙalla sau ɗaya a shekara, wanda aka ɗora a kan magani kuma kada ya daina don ya ji sauƙi.